Layi Ɗaya, Shaida Ɗaya: Yadda Ake Tsara Bayanan Makarɓan Saƙo na Sel

Tambayar ta zo ne daga wata ɗaliba 'yar Daura da ke digiri na biyu a fannin sinadaran jiki a nan Katsina. Ga abin da ta ce a taƙaice: "Malam, aikina a kan furotin ɗin da ke karɓar saƙo a jikin sel ne, da sauran furotin da suke hulɗa da su. Na karanta takardun bincike sun fi tamanin, duk abin da na gani na zuba shi a Excel, yanzu layi ya haura dubu kuma ni da kaina na kasa gane kansa. Furotin ɗaya sai in gan shi da suna uku. Malamin da ke duba aikina ya ce in je in tsara. Ta ina zan fara?"

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Kafin ki sake buɗe kwamfuta, ki amsa wa kanki wannan: layi ɗaya a teburinki me yake wakilta? Ban ga teburin ba, amma na ga irinsa da yawa. Za ki tarar wani layin furotin guda ne da bayaninsa, wani furotin biyu ne da aka ce suna hulɗa, wani kuma taƙaitaccen abin da takarda guda ta faɗa ne baki ɗaya. Gero da dawa da wake ke nan a buhu ɗaya, sai aka ce ki faɗi mudun kowanne. Maganin shi ne ki yanke hukunci tun yanzu cewa a babban teburinki layi ɗaya shaida ɗaya ce: takarda kaza, ta hanyar gwaji kaza, ta ce furotin kaza ya yi wa furotin kaza abu kaza, a cikin sel iri kaza. Duk sauran abin da zan faɗa bayanin wannan jimlar ne.

Saboda masu karatu da ba 'yan fannin ba, bari in ɗan share fage. Sel shi ne ƙaramin ɗakin da aka gina jiki da shi, tantani ya kewaye shi. Yawancin saƙonnin da jiki ke aikawa, irin su insulin da adirenalin, ba sa shiga ɗakin, a bakin ƙofa suke tsayawa. Furotin ɗin da ke tsaye a ƙofar yana karɓar saƙon shi nake kira makarɓi, abin da ya kawo saƙon kuma ɗan aike. Gidan makarɓa mafi girma shi ne na masu aiki da furotin G, da ake taƙaitawa GPCR; furotin G ɗin shi ke karɓar saƙon daga makarɓin ya miƙa shi cikin sel. Ɗan Adam yana da wajen 800, kusan rabinsu na jin ƙamshi da wari ne a hanci, kuma kowannensu yana ratsa tantanin sau bakwai kamar zaren ɗinki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a kan waɗannan suke aiki. Salbutamol ɗin da masu asma ke shaƙa idan hunturu ya matsa, a kan ɗaya daga cikinsu yake sauka, mai suna ADRB2. Robert Lefkowitz da Brian Kobilka sun samu kyautar Nobel ta 2012 a kan wannan gidan. Sai makarɓan da su da kansu suke liƙa wata alamar sinadari mai suna fosfet a kan tairosin, ɗaya daga cikin amino asid, tubalan da ake gina furotin da su. Su 58 ne, cikinsu har da na insulin da EGFR, makarɓin saƙon da ke sa sel girma. Sai 48 da ke zaune a cikin sel suna jiran irin su kotisol da istirojin. Akwai na garkuwar jiki ma, irin TLR, guda 10 a mutum.

To, mu koma ga kukanki na suna uku. A Ƙofar Marusa kaɗai Musa nawa ne? Ga kuma mutum ɗaya, a gida Ɗanjuma, a takardar makaranta Abdullahi, a majalisa Audu Dogo. Shi ya sa banki ba ya yarda da suna sai lamba. Furotin ma haka yake, har ya fi. Ɗauki makarɓin da ya shafe mu kai tsaye. A 1950 aka gano wani rukunin jini aka sa masa Duffy, masu aikin jini suna rubuta shi Fy. Da aka gane yana kama 'yan aiken garkuwar jiki sai ya zama DARC. Masu lissafin alamomin saman sel suna ce masa CD234. Sunansa na hukuma yanzu ACKR1. Suna biyar, abu ɗaya. Idan kin bar su haka a teburinki, kwamfuta za ta ƙirga miki furotin biyar, kowanne da abokai 'yan kaɗan, alhali guda ne mai abokai da yawa.

Akasin haka ya fi haɗari, wato suna ɗaya a kan abubuwa da yawa. Takarda za ta ce "RAS", amma RAS uku ne, HRAS da KRAS da NRAS. Za ta ce "ERK", shi kuma biyu ne, sannan ga tarkon da ya kama ɗalibai ba adadi: ERK1 sunansa na hukuma MAPK3, ERK2 kuma MAPK1. Lambobin sun juye. Idan takardar ba ta fayyace wanda take nufi ba, kada ki zaɓar mata. Ki rubuta cewa ba a fayyace ba, ki ajiye sunan yadda marubutan suka sa shi.

Don haka kowane furotin ki ba shi lambarsa ta UniProt, babban rumbun bayanan furotin da ke intanet, ita ce katin ɗan ƙasarsa. Na EGFR ɗin mutum P00533 ce, na GRB2 P62993, na ADRB2 P07550, na makarɓin insulin P06213, na ACKR1 Q16570. A cikin UniProt akwai kashi biyu: Swiss-Prot, wanda Amos Bairoch ya fara a 1986, mutane ne suka zauna suka tantance shi, da TrEMBL, wanda na'ura ce ta cika. Ga furotin ɗin mutum ki riƙa ɗaukar wanda aka tantance. Kusa da lambar ki sa sunan hukuma na ƙwayar gadon, wanda kwamitin HGNC ke bayarwa, saboda idon mutum suna yake ganewa ba lamba ba. Sauran laƙabobi duk ki kai su wani ɗan tebur daban, gurbi biyu kawai: laƙabi da lambar mai shi. 'Yan aiken da ba furotin ba, kamar adirenalin, ba su da lamba a UniProt, tasu tana rumbunan sinadarai na ChEBI ko PubChem.

Kada ki manta da jinsin halitta, domin lambar UniProt ta mutum daban take da ta ɓera ko da sunan iri ɗaya ne. A al'ada ana rubuta na mutum da manyan baƙaƙe, EGFR, na ɓeran gwaji kuma Egfr, amma marubuta ba su cika kiyayewa ba, Excel kuma bai damu da bambancin ba idan kika ce ya nemo miki. Ki sa lambar jinsi: 9606 mutum, 10090 ɓeran gwaji. Kuma ki sa wa kowane ɓangare na hulɗar tasa lambar, ba guda ɗaya ga layin duka ba. Dalili kuwa, shahararren hoton nan na 2011 da ɗakin binciken Kobilka ya fitar, na ADRB2 rungume da furotin G, wanda ke rumbun PDB da lamba 3SN6, haɗin gambiza ne: makarɓin na mutum ne, sassan furotin G na saniya da na ɓera, aka tallafe su da ɗan antibodi daga lama, dabbar nan 'yar uwar raƙumi (antibodi furotin ne na garkuwar jiki mai kama abu ɗaya takamaimai). Wannan bai rage darajar aikin ba ko kaɗan, sai dai wanda ya rubuta "mutum" a kan layin duka ya yi ƙari a kan abin da aka gani.

Tun da Excel kike amfani da shi, ga gargaɗi. Yana da halin mayar da wasu sunaye kwanan wata ba tare da ya yi shawara da ke ba: SEPT2 ya koma 2 ga Satumba, MARCH1 ya koma 1 ga Maris. Wani bincike na 2016 ya tarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na takardun da suka haɗo jerin ƙwayoyin gado a Excel suna ɗauke da wannan ɓarnar. Abin ya kai a 2020 HGNC ta haƙura ta canza sunayen, suka koma SEPTIN2 da MARCHF1. Tsofaffin takardu da tsofaffin fayiloli har yanzu da tsohon sunan suke, saboda haka ki mayar da gurbin sunaye na rubutu zalla kafin ki zuba komai a ciki.

Akwai wani rikicin lamba da ya keɓanta da makarɓa, kuma a nan nake so ki natsu. Sau da yawa furotin ɗin da zai je saman sel ana ƙera shi ne da ɗan guntun jagora a goshinsa, wanda ake yankewa idan ya shiga hanya. Na EGFR amino asid 24 ne: cikakken furotin 1210, bayan yanka 1186. Wasu masana daga farkon cikakken suke ƙirga, wasu daga inda aka yanke. Tairosin ɗin EGFR da furotin GRB2 ke kamawa, wanda yawancin takardu da masu sayar da antibodi ke kira Y1068, shi ne dai Y1092 a ƙirgar UniProt. Shi kuma canjin nan L858R da ake nema a sankarar huhu, da ƙirgar cikakken furotin aka san shi, a ɗaya ƙirgar L834R ne. Wato a kan furotin ɗaya, likitocin sankara suna bin wata ƙirga, masu nazarin saƙo suna bin wata. Na taɓa duba kundin wani ɗalibi da ya lissafa Y1068 da Y1092 a matsayin wurare biyu, har ya yi shafi guda yana bayanin yadda suke taimakon juna. Ran nan na ji kunyar da ba tawa ba. Ki yi gurbi biyu: lambar yadda takardar ta rubuta, da lambar bayan kin mayar da ita ƙirgar UniProt. Idan GPCR kike kwatantawa da juna, akwai ƙirgar Ballesteros da Weinstein ta 1995, wadda ke ba kowane wuri lamba gwargwadon zaren da yake a cikin bakwai ɗin, kuma rumbun GPCRdb yana yi miki wannan lissafin.

Yanzu ga zuciyar maganar, kalmar "hulɗa". Malaman hadisi sun riga mu gane cewa ba a karɓar magana sai an san wanda ya ruwaito ta da yadda ta iso masa, kuma ruwayar ganau ba ɗaya take da ta jiyau ba. Idan takarda ta ce A yana hulɗa da B, tambayarki ta farko ita ce ta yaya suka sani.

Wani ya tsarkake furotin biyun, ya haɗa su su kaɗai, ya auna ƙarfin riƙonsu, ko ya ɗauki hoton surarsu a manne. Wannan ganau ne. Wani kuma ya fasa sel, ya jefa antibodi ya kamo A, sai ga B ya biyo. Wannan shaida ce mai kyau, amma ba ta nuna cewa A ne ya riƙe B da hannunsa ba, mai yiwuwa akwai na uku a tsakani. Misalin da kika sani: ki kamo EGFR, SOS1 zai iya biyowa, alhali GRB2 ne ya riƙe EGFR da hannu ɗaya, SOS1 da ɗayan. Sai hanyar BioID da ta fito a 2012, wadda ke shafa wa duk wanda ya kusanci furotin ɗinki alama, tazarar kamar nanomita goma. Wannan kamar a ce an ga mutum biyu a majalisa ɗaya ne a Ƙofar Soro. Zama wuri ɗaya ba ya nufin sun gaisa. Sai gwajin yis na Fields da Song na 1989, wanda ya samar da ɗimbin bayanan da ke rumbuna, amma a asalin tsarinsa sai furotin biyun sun haɗu a cibiyar sel ɗin yis, makarɓin da ke ɗinke a tantani sau bakwai kuwa ba zai je can ba. Saboda haka rashin ganin makarɓinki a irin wannan sakamakon ba ya nufin ba shi da abokai.

Hulɗar da ke faruwa a wajen sel ma tana da nata wuyar, domin sau da yawa riƙon sako-sako ne, da an wanke ya rabu. Sai da aka ƙirƙiro dabara ta musamman a cibiyar Sanger da ke Ingila kafin a gano, a 2011, cewa furotin RH5 na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mai suna falsifarum a kan basigin, wani furotin da ke saman jan jini, yake kamawa kafin ya kutsa cikin jan jini. Ita ce ke jawo zazzaɓin da ke cika mana asibitoci da yara kowace damina.

Ba sai kin ƙago wa waɗannan matakai sunaye ba, an riga an yi. Akwai ƙamus na PSI-MI da manyan rumbuna ke bi, kowace kalma da lambarta: MI:0407 riƙo kai tsaye, MI:0915 haɗuwa ta jiki ba tare da tabbacin kai tsaye ba, MI:0914 kasancewa cikin gungu ɗaya, MI:0403 zama wuri ɗaya kawai. Hanyoyin gwaji ma haka, MI:0018 gwajin yis, MI:0019 kamu da antibodi. Amfanin wannan shi ne yau ba za ki rubuta "sun haɗu", gobe "yana kamawa", jibi "an same su tare" ba, har ki rasa ko abu ɗaya kike nufi. Ki sa gurbin ya zama na zaɓi daga jeri, kada ki bar wa hannunki 'yancin rubuta abin da ya ga dama.

Gwajin kamu yana da wani lissafi da ya kamata ki sani. An jefa ƙugiya da furotin ɗaya, goma sun biyo. Layi nawa za ki rubuta? Idan kin haɗa na ƙugiyar da kowanne cikin goman, layi 10. Idan kin ce duk sha ɗayan suna hulɗa da juna, layi 55. Gwaji ɗaya, amma ɗaya hanyar ta ninka ɗayar fiye da sau biyar. Ni ta farko nake bi, kuma ina rubuta wane ne ƙugiya wane ne kamu. Ko wacce kika bi, ki faɗa a babin hanyoyin bincikenki.

Da yake saƙo kike nazari, sanin cewa A ya taɓa B bai isa ba, sai an san wa ya yi wa wani, kuma me ya biyo baya. GRB2 da CBL duka suna kama EGFR bayan an liƙa masa fosfet. Na farko yana miƙa saƙon gaba ta SOS1 zuwa RAS, RAF, MEK, har ERK. Na biyu yana rataya wa makarɓin alamar yubikwitin don a janye shi daga ƙofa a kai shi inda za a narkar da shi. A zanen da ba shi da kibiya, layi iri ɗaya za ki ja musu, alhali ɗaya mai hura wuta ne ɗaya mai kashewa. Haka ADRB2 yake da furotin G a gefe guda, da GRK da arestin, masu kashe saƙon, a ɗaya gefen. Don haka ki ƙara gurbi uku: mai aikatawa, abin da ya aikata, da sakamakon, ƙari ko ragi.

Sai gurbin da ɗalibai suka fi tsallakewa, wato a ina. Mu koma ga Duffy. Tun 1976 Louis Miller da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayar zazzaɓi mai suna bibaks tana buƙatar wannan makarɓin kafin ta shiga jan jini, kuma mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a jan jininsu. Canjin da ya jawo haka ba a jikin furotin ɗin yake ba, a makunnin ƙwayar gadon yake, kuma jan jini kaɗai ya shafa. Mutumin da ba shi da ACKR1 a jan jini yana da shi a sel ɗin da suka shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyinsa. To idan layinki ya ce kawai "furotin ɗin bibaks yana kama ACKR1", gaskiya ne, amma bai gaya wa likitan Daura abin da yake buƙata ba. Daga baya ma an samu rahotannin bibaks a jikin mutanen da ba su da Duffy a ƙasashen Afirka da dama. Tebur mai layi ɗaya ga kowace shaida zai ɗauki tsohon binciken da sabon ba tare da ɗaya ya goge ɗaya ba. Ga wani abin lura kuma: ACKR1 yana ratsa tantani sau bakwai kamar 'yan gidan GPCR, amma ba ya aika saƙo ta furotin G. Kada ki ga gida ki cike wa furotin aikinsa da ka.

Ki kula da yawan gwaje-gwajen da aka yi a sel ɗin HEK293, wanda ake renonsa a ɗakin gwaji, bayan an tilasta masa ƙera furotin fiye da ƙima. A cunkoson kasuwa kowa na gogar kowa. Ki rubuta ko a yawansa na asali aka gan shi ko cusa shi aka yi. Haka nan "an gwada ba a gani ba" shaida ce, tana da layinta. Gurbin da aka bari fayau kuwa ma'anarsa ba wanda ya duba, kada ki haɗa su.

Wani lokaci makarɓin ba furotin ɗaya ba ne. CALCRL idan ya haɗu da RAMP1 sai ya zama makarɓin ɗan aiken da ake kira CGRP, wanda sababbin magungunan ciwon ɓarin kai ke nufa. Shi ɗin dai idan ya haɗu da RAMP2 sai ya koma makarɓin adirenomedulin. A 1998 aka gano haka. Idan kin rubuta ɗan aiken a kan CALCRL shi kaɗai kin ɓata labarin. Irin waɗannan ki buɗe musu ɗan teburin gungu, ki ba gungun lamba, ki jera 'yan cikinsa. Rumbun Complex Portal yana da lambobin da yawa daga cikinsu.

Kin ga tebur ya zama biyar ba tare da mun yi niyya ba: na furotin, na laƙabi, na gungu, na takardu inda kowace ke da lambarta ta PubMed, rumbun takardun binciken lafiya, da babban na shaidu wanda ba ya ɗauke da komai sai lambobin sauran da bayanin gwajin. Shafi biyar a fayil ɗin Excel guda ya ishe ki a wannan matakin. Idan layi ya kai dubbai, SQLite, manhajar ajiye irin waɗannan teburori, kyauta ne, fayil ɗaya ne, ba ya neman intanet, kuma idan kin saita shi zai ƙi karɓar lambar da ba ta cikin teburin furotin.

Game da rumbunan da ke intanet, kada ki sake noman gonar da aka riga aka nome, amma ki san halin kowanne. IntAct, da ke cibiyar EBI kusa da Kambirij, da BioGRID, mutane ne ke karanta takardu suna shigar da shaidu, kuma tsarinsu shi ne wanda nake koya miki. SIGNOR na Rum ya ƙware a kibiya da sakamako. Reactome yana ba ki hanyar saƙon daki-daki. Don sanin wane ɗan aike ke kama wane makarɓi da irin ƙarfinsa, jagoran magunguna na IUPHAR ya fi. Sai STRING, wanda ɗalibanmu suka fi so saboda cikin minti ɗaya yake fitar da zane mai launi. Ba na hana shi, amma a san abin da yake. Yana tara gwaji na gaske, da tashin ƙwayoyin gado tare, da hasashe daga wasu halittu, har da yawan haɗuwar sunaye biyu a rubuce-rubuce, ya dunƙule su maki ɗaya. Makin 0.4 da yake farawa da shi matsakaici ne, 0.7 babba, 0.9 mafi girma, kuma ko babban makin yana nufin akwai alaƙar aiki ne, ba lallai riƙo ba. Idan riƙo kike nema, ki zaɓi hulɗar jiki kaɗai, ki kashe tashar haɗuwar sunaye. Hasashen AlphaFold ma, manhajar nan mai hasashen surar furotin, duk da Nobel ɗin 2024, hasashe ne, ki rubuta shi da sunansa.

Rumbunan nan suna kwafar juna. Takarda ɗaya za ta shiga IntAct, ta shiga BioGRID, STRING ya ɗebo daga dukansu, sai ki ga kamar shaidu uku alhali mutum ɗaya ne ya faɗa, sauran suka yaɗa. Lambar PubMed ce za ta tona wannan: ki ƙirga takardu da hanyoyin gwaji, ba rumbuna ba. Duk fayil ɗin da kika sauke ki rubuta ranar da lambar fitowarsa a sunansa, ki ajiye shi yadda ya zo, ki yi aiki a kan kwafi. Rumbunan suna canzawa sau da yawa a shekara, kuma ranar kare kundi za a iya tambayarki me ya sa adadinki ya saɓa da na yau. Ga yanayin wuta da kuɗin data a wajenmu, saukewa sau ɗaya a ajiye a filashi da imel ya fi komawa kullum.

Idan kin zo zanen hulɗar furotin a manhajar Cytoscape, za ki ga EGFR ya zauna a tsakiya kamar sarki da fadawa, wasu makarɓan kuma can gefe da layi ɗaya ko babu. Kada ki yi saurin rubuta cewa shi ne mafi muhimmanci. An shafe shekara fiye da arba'in ana tona shi saboda sankara, alhali akwai GPCR sama da ɗari da har yau ba a tabbatar da ɗan aikensu ba, ban da ɗaruruwan na hanci. Zanen yana nuna inda masu bincike da kuɗinsu suka taru ne gwargwadon yadda yake nuna sel. Tun da kina da teburin takardu, ki sa yawan takardun kowane furotin kusa da yawan abokansa, mai karatu ya gani da idonsa.

Layukanki dubu kada ki goge su, kuma kada ki ce za ki gyara su duka a mako ɗaya. Ki ɗauki makarɓa uku, EGFR da ADRB2 da ACKR1 sun isa tunda kowanne da irin tarkonsa, ki koma takardunsu na asali, ba taƙaitawarki ba, ki cika sabon tsarin da su. A nan za ki gane gurbin da ya yi yawa da wanda ya ɓace. Ki rubuta shafi ɗaya da ke bayanin ma'anar kowane gurbi da hukuncin da kika yanke a wuraren shakka, ki kai wa malaminki ya sa hannu kafin ki ci gaba da sauran. Idan kin gama na ACKR1 ki turo mini, ina so in ga abin da kika sa a gurbin nau'in sel.